Kujerar Alƙali a Hannun Sanatoci: Rikicin Jam'iyyu kan Toshe Naɗin Alƙalai a Majalisar Dattawan Amurka

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin takaddamar da jam'iyyun Dimokurat da Rifablikan suka daɗe suna yi a Majalisar Dattawan Amurka kan tabbatar da alƙalan tarayya, daga faɗuwar Robert Bork a 1987 zuwa 'yan shekarun nan. Matsayar takardar ita ce, soke sharaɗin ƙuri'a 60 da aka yi a 2013 da 2017 bai kashe toshewa ba. Ya ƙwace ta ne daga hannun marasa rinjaye, waɗanda dole su fito fili su kaɗa ƙuri'a kafin su tare wani, ya damƙa ta ga shugaban masu rinjaye, wanda shirunsa kawai ya isa. A ƙarshe an ɗan leƙa tsarin Najeriya, wanda ya aro wannan rabon iko daga Amurka.

1. Gabatarwa

Kundin tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a Filadelfiya a 1787 ya raba ikon naɗa alƙalai gida biyu: shugaban ƙasa ya zaɓi mutum, Majalisar Dattawa ta ba da shawara kuma ta amince. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yanka wa majalisa wa'adi ba, bai ce dole ta saurari wanda aka aiko mata ba, bai kuma ce dole ta kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Duk rikicin da za mu tattauna a cikin wannan giɓi yake zaune.

Abin da ake faɗa a kai ba ƙarami ba ne. Amurka na da kotunan tarayya na matakin farko 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13 masu kujeru 179, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai tara. Alƙalan waɗannan kotuna ba su da shekarun ritaya na dole. Suna nan sai sun mutu, ko sun sauka da kansu, ko an tsige su. Kotun Ƙoli ba ta yanke shari'u sama da 70 a shekara a wannan zamani, alhali ƙararrakin da ke shiga kotunan ɗaukaka ƙara suna kai kimanin 40,000. Ke nan ga mafi yawan masu ƙara, hukuncin alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara shi ne magana ta ƙarshe. Sanatoci sun san haka, shi ya sa yaƙin ya fi daɗewa a wannan mataki na tsakiya, ko da yake na Kotun Ƙoli ne jaridu suka fi yayatawa.

2. Kayan faɗan

Suna yana barin fadar White House ne ya faɗa hannun Kwamitin Shari'a na majalisa, kuma shugaban kwamitin, wanda ɗan jam'iyya mai rinjaye ne, shi ke sa ranar tantancewa. In bai sa ba, babu mai tilasta masa. Akwai kuma wata al'ada da ta haura shekara ɗari: shugaban kwamitin kan aika wa sanatoci biyu na jihar da kujerar take wata shuɗiyar takarda, su rubuta ra'ayinsu su dawo da ita. Sanatan da ya riƙe tasa a aljihu ya tsayar da naɗin ke nan, muddin shugaban kwamitin yana mutunta al'adar. Ba ta cikin tsarin mulki, ba ta ma cikin dokokin majalisa, saboda haka kowane shugaba yakan matsa ta ko ya sassauta ta gwargwadon wanda ke fadar shugaban ƙasa.

Makamin da ya fi suna shi ne filibasta, wato jan muhawara don hana a kai ga ƙuri'a. Majalisar Dattawa ba ta da hanyar rufe muhawara sai a 1917, lokacin da aka kafa doka ta 22, wadda ta nemi kashi biyu cikin uku. A 1975 aka rage zuwa kashi uku cikin biyar, wato sanatoci 60 cikin 100. Sakamakon haka, mutum na iya samun goyon bayan sanatoci 55, wanda ya isa ya zama alƙali, amma sanatoci 41 su hana a zo wurin ƙirgawa. Sarah Binder da Forrest Maltzman, a littafinsu Advice and Dissent na 2009, sun nuna cewa waɗannan hanyoyi sun tsufa a majalisa. Abin da ya sauya shi ne yawan amfani da su da kuma dalilin yin hakan.

3. Daga Bork zuwa Paez

Kowace jam'iyya tana da ranar da take fara ƙirga laifin ɗayar. 'Yan Rifablikan daga 1987 suke farawa. A wannan shekara Shugaba Ronald Reagan ya zaɓi Robert Bork don Kotun Ƙoli, masanin shari'a mai tsattsauran ra'ayin mazan jiya, wanda ya taɓa rubutu a 1963 yana sukar ƙudurin dokar hana wariyar launin fata a otal da gidajen abinci, kuma shi ne ya sallami mai bincike Archibald Cox a 1973 bisa umarnin Shugaba Nixon. Joe Biden ne shugaban Kwamitin Shari'a a lokacin. Bork ya faɗi da ƙuri'a 42 da 58. Sai dai ya kamata a lura cewa an saurare shi, an yi muhawara, an kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, kuma 'yan jam'iyyarsa shida suna cikin waɗanda suka ƙi shi. Anthony Kennedy, wanda a ƙarshe ya hau kujerar, ƙuri'a 97 ya samu babu ko hamayya ɗaya. 'Yan Dimokurat kuma sukan koma 1968, lokacin da gamayyar 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat na kudu suka ja muhawara har Abe Fortas ya janye daga neman zama Alƙalin Alƙalai.

A ganina salon da ya fi tasiri an ƙera shi ne bayan 1995, lokacin da Rifablikan ta karɓi majalisa Bill Clinton na mulki. Ba a cika kayar da kowa a zaure ba. Barin suna ake yi ya kwana a kwamiti har zangon majalisa ya ƙare. Richard Paez, da aka zaɓa a Janairun 1996, sai a Maris na 2000 aka tabbatar da shi. Helene White ta jihar Michigan ta jira shekara huɗu ba a ko kira ta tantancewa ba. Elena Kagan, wadda yanzu take Kotun Ƙoli, an aika sunanta a 1999 don kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington, shi ma haka ya mutu. Wannan kisan mummuƙe ba ya barin sunan kowa a rajistar ƙuri'a, don haka ba sanatan da zai amsa tambaya a gida.

4. Shekarun Bush: 2003 zuwa 2005

A nan ne rikicin ya fito daga ɗakin kwamiti ya hau zaure. A ranar 9 ga Mayun 2001 George W. Bush ya gabatar da rukuninsa na farko na mutum 11, ciki har da John Roberts, da Priscilla Owen ta Texas, da Miguel Estrada, lauya haifaffen Honduras. Makonni kaɗan bayan haka Sanata Jim Jeffords ya fice daga Rifablikan, rinjaye ya koma hannun Dimokurat, su ma suka ɗauki salon jinkirin da aka yi wa Clinton. Da suka rasa rinjaye a zaɓen 2002, kwamiti ya suɓuce musu, sai suka koma ga filibasta.

Estrada ne aka fara da shi. 'Yan Dimokurat sun ce ya ƙi amsa tambayoyi, suka nemi takardun da ya rubuta lokacin yana aiki a ofishin babban lauyan gwamnati, gwamnati ta hana. 'Yan Rifablikan sun ce ainihin tsoron shi ne matashi ɗan asalin Latin Amurka mai ra'ayin mazan jiya da ake shirya wa Kotun Ƙoli. Sau bakwai aka nemi rufe muhawara, sau bakwai ba a kai 60 ba, ya janye a Satumbar 2003. Kafin zangon ya ƙare mutum goma aka tare ta wannan hanya. Uku daga cikinsu 'yan Michigan ne, kuma sanatocin jihar, Carl Levin da Debbie Stabenow, ba su ɓoye cewa abin da aka yi wa Helene White ne suke ramawa ba. Bush ya mayar da martani da naɗa Charles Pickering da William Pryor lokacin hutun majalisa a farkon 2004, naɗin wucin gadi da tsarin mulki ya yarje masa.

Zaɓen 2004 ya ba Rifablikan kujeru 55, sai shugaban masu rinjaye Bill Frist ya fara barazana da dabarar da aka yi wa laƙabi da makamin ƙare dangi. Yana da kyau a fahimci yadda take aiki, domin ita ce aka yi amfani da ita daga baya. Gyara dokokin majalisa a rubuce yana buƙatar kashi biyu cikin uku kafin a rufe muhawara a kansa, abin da ba jam'iyyar da ke da shi. To sai shugaban masu rinjaye ya miƙe ya ce a fahimtarsa rinjaye mai sauƙi ya isa rufe muhawara kan naɗi. Mai jagorantar zama zai ce a'a, doka ta ce kashi uku cikin biyar. Sai a ɗaukaka hukuncinsa zuwa zaure, sanatoci 51 su soke shi. Rubutun doka yana nan yadda yake, amma daga ranar majalisa ta ɗora masa fassarar da ta saɓa wa lafazinsa.

A ranar 23 ga Mayun 2005, ana jajibirin gwada wannan, sanatoci 14, bakwai daga kowane ɓangare, ƙarƙashin jagorancin John McCain da Ben Nelson, suka sa hannu a wata yarjejeniya. Bakwai na Dimokurat suka yi alkawarin ba za su goyi bayan filibasta ba sai in an shiga wani yanayi na musamman, bakwai na Rifablikan kuma ba za su goyi bayan Frist ba. Owen da Pryor da Janice Rogers Brown suka wuce. William Myers da Henry Saad aka bar su a baya. Ba a fayyace mene ne yanayi na musamman ba, kuma da gangan aka bar shi haka. Yarjejeniyar ta yi aiki ne domin a lokacin akwai sanatocin tsakiya da yawansu ya isa su hana kowane ɓangare abin da yake so, irin 'yan Dimokurat daga Nebraska da Arkansas da Louisiana, da 'yan Rifablikan daga Maine da Rhode Island.

Duk wanda ya karanta jawaban 2005 ya ajiye su kusa da na 2013 zai ga abin dariya da takaici. A 2005 Mitch McConnell, ɗan Rifablikan, na cikin masu cewa kowane wanda aka zaɓa ya cancanci a kaɗa masa ƙuri'a, Harry Reid da Sanata Barack Obama na Dimokurat kuma suna kare filibasta a matsayin garkuwar marasa rinjaye. Bayan shekara takwas kowa ya ɗauki jawabin abokin hamayyarsa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

5. Rushewar katangar

'Yan Rifablikan sun tare Goodwin Liu a 2011, da Caitlin Halligan har sau biyu. Abin da ya kai Reid, shugaban masu rinjaye a lokacin, bango shi ne kujeru uku na kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, wadda ke duba da yawa daga cikin ƙararrakin da ake kai hukumomin tarayya. Obama ya aika Patricia Millett da Nina Pillard da Robert Wilkins, 'yan Rifablikan suka ce kotun ba ta da aikin da zai sa a cike kujerun. Wannan hujja ba ta taɓa cancantar kowa ba. Tana nufin ko wa aka aiko ba zai wuce ba. A ranar 21 ga Nuwambar 2013 Reid ya tayar da makamin da ƙuri'a 52 da 48, ga dukan naɗe-naɗe ban da na Kotun Ƙoli. Carl Levin na cikin 'yan Dimokurat uku da suka ƙi bin sa.

Ribar ba ta daɗe ba. Rifablikan ta karɓi majalisa a Janairun 2015, kuma a shekara biyun ƙarshe na Obama alƙalan ɗaukaka ƙara biyu kacal aka tabbatar. Alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu a ranar 13 ga Fabrairun 2016, kuma a ranar McConnell, sabon shugaban masu rinjaye, ya sanar cewa shugaba mai zuwa ne zai cike kujerar. Obama ya zaɓi Merrick Garland a ranar 16 ga Maris, mutum mai shekara 63, mai matsakaicin ra'ayi, wanda majalisa ta amince da shi a 1997 da ƙuri'a 76 da 23. Sunansa ya yi kwana 293 ba tantancewa ba ƙuri'a. Ina roƙon mai karatu ya lura da cewa ba filibasta aka yi wa Garland ba. Ba a buƙaci sanatoci 41 ba. Shugaban masu rinjaye da shugaban kwamiti Chuck Grassley sun isa.

Sauran ya zo da sauri. A Afrilun 2017 'yan Dimokurat suka ja muhawara kan Neil Gorsuch, wanda aka zaɓa don kujerar Scalia, McConnell ya faɗaɗa matakin Reid zuwa Kotun Ƙoli. An daina mutunta shuɗiyar takarda ga kotunan ɗaukaka ƙara, har a 2019 aka tabbatar da Eric Miller ba tare da yardar ko ɗaya daga sanatocin jihar Washington ba. A wannan shekara kuma aka rage lokacin muhawara kan alƙalan matakin farko daga awa 30 zuwa awa biyu. Ruth Bader Ginsburg ta Kotun Ƙoli ta rasu a ranar 18 ga Satumbar 2020, aka tabbatar da Amy Coney Barrett a ranar 26 ga Oktoba, saura kwana takwas zaɓe. McConnell ya ce bambancin shi ne a 2016 majalisa da fadar shugaba suna hannun jam'iyyu daban-daban. Ana iya kiran wannan munafunci, amma ni na fi ɗaukarsa a matsayin bayani na gaskiya kan ƙa'idar da ke aiki yanzu: mai rinjaye ne ke da kujerar.

6. Me ya sa, kuma me ya haifar

Mark Tushnet ya yi rubutu a 2004 kan irin wannan siyasa, inda ake yin abin da doka ba ta hana ba amma al'ada ta hana, kuma Steven Levitsky da Daniel Ziblatt sun gina a kai a littafinsu How Democracies Die na 2018, suna ganin lalacewar kamun kai ce tushen matsalar. Ban musanta ba, sai dai kamun kai yana da farashi, kuma farashin ne ya hau. Steven Calabresi da James Lindgren sun ƙirga cewa alƙalan Kotun Ƙoli da suka bar aiki kafin 1970 sun yi kimanin shekara 15 a kujera, waɗanda suka bari bayan haka kuma kimanin 26. Gorsuch na da shekara 49 da aka naɗa shi, Barrett 48, Ketanji Brown Jackson 51. Ga shi kuma majalisar dokoki ta kasa yanke manyan batutuwa, irin zubar da ciki, da mallakar bindiga, da kuɗin kamfe, da ikon hukumomi, duk sun tare a kotu. Hukuncin Dobbs na Yunin 2022, wanda ya soke hukuncin Roe da Wade na 1973 kan zubar da ciki, da ƙuri'un alƙalai ukun da Donald Trump ya naɗa aka same shi. Sanatan da ya ga haka ba zai ɗauki kujerar alƙali a matsayin abin yin kara ba.

Alƙaluman ƙuri'u sun nuna sauyin. Scalia ya samu 98 babu hamayya a 1986, Ginsburg 96 da 3 a 1993, Roberts 78 da 22 a 2005, Brett Kavanaugh 50 da 48 a 2018, Barrett kuwa ba ɗan Dimokurat ko ɗaya da ya zaɓe ta. Lokacin da ake buƙatar 60, shugaban ƙasa yana zaɓe ne yana tunanin sanata na sittin, wanda galibi ɗan hamayya ne. Yanzu tunaninsa na kan na hamsin, ɗan gida, da ƙungiyoyin da ke tace sunaye, irin Federalist Society da aka kafa a 1982. Idan jam'iyya ɗaya ta haɗa fadar shugaba da majalisa, injin yana gudu ba birki: Trump ya naɗa alƙalai 234 a zangonsa na farko, Biden 235. Idan kuwa suka rabu, sai ya tsaya. Tun Clarence Thomas a 1991 ba a sake samun majalisar da ke hannun hamayya ta tabbatar da alƙalin Kotun Ƙoli ba, kuma a 2021 McConnell ya ƙi yin alkawarin zai saurari wanda Biden zai zaɓa ko da a 2023 ne, shekarar da ba ta zaɓe ba.

Cutar ta kai har ga ƙirƙiro kujeru. A Agustan 2024 Majalisar Dattawa ta amince baki ɗaya da ƙudurin ƙara alƙalai 66 a hankali cikin shekaru, lokacin ba a san wanda zai ci zaɓe ba. Majalisar Wakilai ta jira sai da Trump ya ci sannan ta zartar, Biden kuma ya hau kujerar na-ƙi a Disamba. Masu ba da shawarar wa'adin shekara 18 ga alƙalan Kotun Ƙoli, wanda Biden ya goyi baya a Yulin 2024, sun gano inda ciwon yake, domin rage tsawon zama yana rage darajar kowace kujera. Amma shawarar ba ta amsa tambayar Garland ba: in majalisa ta ƙi zama a kan sunan fa?

7. Waiwaye zuwa gida

Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, amma ta sa wani shinge a tsakiya. A kundin 1999, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar da Alƙalin Alƙalai da alƙalan Kotun Ƙoli, kuma kowa yana sauka a shekara 70. Shi ya sa ba mu cika ganin jam'iyyu na kokawa a zaure kan aƙidar alƙali ba. A Disambar 2023 an tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli 11 a zama ɗaya. Namu rikicin a wasu wurare yake ɓullowa. A jihar Ribas, saɓanin Gwamna Rotimi Amaechi da Majalisar Shari'a kan wanda zai zama babban alƙali ya kai ga rufe kotuna na tsawon watanni a 2014. A Kuros Riba majalisar jiha ta ƙi Mai Shari'a Akon Ikpeme a irin wannan kujera a 2020, sannan ta amince da ita a farkon 2021.

Inda tsarin biyu suka haɗu shi ne jinkiri. Kundinmu ya tanadi riƙon ƙwarya na wata uku ga kujerar Alƙalin Alƙalai, don haka ita ba ta zama fanko kamar ta Scalia. Amma wannan tanadi yana da nasa haɗarin, domin mai riƙon ƙwarya alƙali ne da ke yanke hukunci alhali makomarsa na hannun wanda zai iya zama mai ƙara ko wanda ake ƙara a gabansa. Walter Onnoghen ya fara riƙo a ranar 10 ga Nuwambar 2016, kuma sai ana saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya aika sunansa majalisa, aka tabbatar da shi a ranar 1 ga Maris na 2017. A nan ma kundin bai yanka wa fadar shugaban ƙasa ranar da dole ta aika sunan ba.